Maraya a Gaban Alƙali: Tunani a kan Idin Iyali Mai Tsarki

A Lahadin da ke bin Kirsimeti Eklesiya takan sa mu tsaya a ƙofar wani ƙaramin gida a Nazarat, mu dubi mutum uku. Mun saba da hotonsu har ba mu cika lura da wani abu ba, watau cewa mai gidan nan bai haifi yaron ba. Yusufu Mai Tsarki riƙo ya yi. Shi ya raɗa wa yaron suna, shi ya ɗauke shi da dare zuwa Masar, shi ya koya masa riƙe kayan sassaƙa, har mutanen gari suka riƙa kiran Yesu ɗan masassaƙi. Allah da ya iya ba Ɗansa jiki ba tare da namiji ba, bai ga ya kamata Ɗan nan ya tashi ba tare da uba a gida ba.

Wannan ne ya sa muka zaɓi idin bana domin mu taɓa wata magana mai nauyi wadda samarinmu da 'yan matanmu suke ta kawo wa katikis da Fada. Suna karantawa a waya cewa a ƙasashen Turai da Amurka, Eklesiyar Katolika ta gwammace ta rufe ofisoshinta na neman wa marayu iyaye da ta ba namiji da namiji, ko mace da mace, yaro su riƙe. Waɗansu sukan yi tambayar da fushi, waɗansu da dariya. Dukansu sun cancanci amsa, kuma amsar tana cikin labarin abin da ya faru, har da wuraren da labarin yake yi mana ɗaci.

Da fari sai mu bambanta abu biyu. Riƙo irin namu, inda goggo ko kawu za su ɗauki yaro ya tashi a hannunsu, ba ya raba yaro da sunan ubansa, kuma ba a zuwa kotu. Abin da ake yi a waɗancan ƙasashe dabam ne. Alƙali ne yake yanke hukunci, a sāke wa yaro takardar haihuwa, ya ɗauki sunan sababbin iyayensa, ya ci gādonsu, ya zama ɗansu a gaban doka har mutuwa. Tsakanin yaron da masu nemansa akwai ƙungiyoyi masu lasisin gwamnati, su ne suke binciken gida, su auna hali da ƙarfin masu nema, sa'an nan su haɗa su da yaro. Tun kafin gwamnatoci su shiga aikin sosai, sista-sista da ƙungiyoyin Katolika suna cikinsa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ita ce Catholic Charities ta birnin Boston, a jihar Massachusetts ta Amurka, wadda aka kafa a 1903. Ta yi suna wajen samar wa yaran da kowa yake gudu gida: waɗanda suka girma, da masu naƙasa, da waɗanda aka wulakanta tun suna ƙanana har ba su yarda da kowa ba. Dokar jihar kuwa ta hana duk mai lasisi ya nuna wa masu nema bambanci saboda jinsin wanda suke zaune da shi, kuma a watan Mayu na 2004 jihar ta zama ta farko a Amurka da ta fara ɗaura auren jinsi ɗaya. A ƙarshen 2005 jarida ta bayyana cewa cikin yara kimanin 720 da ƙungiyar ta samar wa gida a wajen shekara ashirin, 13 an ba masu zaman jinsi ɗaya ne, kuma yaran nan suna cikin masu wuyar samun mai ɗauka.

Nan rikici ya tashi a cikin gida. Hukumar gudanarwar ƙungiyar, wadda yawancinta Katolika ne masu ba da lokacinsu da dukiyarsu, ta kaɗa ƙuri'a baki ɗaya cewa a ci gaba kamar yadda ake yi. Bishop-bishop huɗu na jihar suka ce ba zai yiwu ba, gama Roma ta riga ta yi magana. Waɗansu 'yan hukumar suka yi murabus. Aka nemi gwamnati ta yi wa Eklesiya rangwame, ta bar ta ta yi aikinta bisa ga bangaskiyarta, tun da akwai waɗansu ƙungiyoyi da yawa da za su karɓi waɗancan masu nema. Gwamna Mitt Romney ya ce ba shi da ikon yin haka shi kaɗai sai da majalisa, majalisa kuwa ba ta yi ba. Ranar 10 ga Maris 2006, Babban Bishop na lokacin, Sean O'Malley, tare da shugaban ƙungiyar, suka sanar cewa za su daina aikin samar wa yara iyaye gaba ɗaya. Aikin fiye da shekara ɗari ya tsaya cikin 'yan watanni.

Me Roma ta ce? A 2003 Sashen Koyarwar Bangaskiya, a ƙarƙashin Kadinal Joseph Ratzinger wanda daga baya ya zama Paparoma Benedict na 16, ya fitar da takarda a kan dokokin da suke daidaita zaman jinsi ɗaya da aure. A kan batun yara, abin da takardar ta tsaya a kai shi ne, irin wannan riƙo yana hana yaro sanin ko dai uwa ko uba, kuma amfanin yaro, wanda shi ne marar ƙarfi a cikin maganar, dole ya zo gaba da muradin manya. Ta yi amfani da kalmomi masu kaifi, har waɗansu Katolika na kirki sun ce kaifin ya yi yawa. Amma tushen koyarwar ya girmi takardar. Katikisim na 1992, a sakin layi na 2378, yana koyar da cewa ɗa kyauta ce, ba bashi ba ne da wani yake bin Allah ko yake bin jama'a. Mu lura, ba masu zaman jinsi ɗaya aka fara faɗa wa wannan ba. An faɗa wa miji da mata ne, waɗanda aka ɗaura musu aure a gaban bagade, suka shekara goma suna kuka ba haihuwa. Ko su ba su da haƙƙin a ba su ɗa. Mai haƙƙi a cikin wannan magana yaron ne.

Saboda haka idan aka ce mana batun daidaita haƙƙi ne, muna amsawa cewa an fara lissafi daga inda bai kamata ba. Ofishin neman iyaye ba a buɗe shi domin ya samar wa manya yara ba. An buɗe shi domin ya samar wa yara iyaye. Maraya ya yi hasarar abu biyu, uwa da uba, kuma abin da Eklesiya take ƙoƙarin yi shi ne ta mayar masa da kwatankwacin abin da ya rasa. Muna da mata gwauraye a kowane farish da suka tashi yara su kaɗai, suka kai su makaranta da kuɗin ƙosai da na itace, kuma yaran sun zama mutane. Muna yi musu godiya. Amma ku tambayi kowace a cikinsu ko da gangan ta zaɓar wa ɗanta rashin uba. Abin da mutuwa ta jawo dabam yake da abin da aka zauna a ofis aka tsara, aka buga masa hatimi.

To, amma gaskiya ba ta ƙare a nan ba, kuma bai dace da mu mu faɗi rabinta ba. Waɗanda suke wancan ɓangaren ba dukansu ne maƙiyan Allah ba. Suna cewa, yaran nan 13 na Boston ba daga hannun uwa da uba aka ƙwace su ba, daga layin jira aka ɗauko su, inda waɗansu suka yi shekaru ana yawo da su daga wannan gida zuwa wancan, ma'aurata maza da mata suna dubansu suna wucewa. Suna cewa, ba tsakanin gida mai uwa da uba da gida mai uwa biyu yaron yake zaɓi ba, tsakanin gida da rashin gida ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito tun 2002 ta ce bincike bai nuna yaran irin waɗannan gidaje suna baya da sauran yara ba. Kuma a Afirka ta Kudu, inda kotun tsarin mulki ta yarda da irin wannan riƙo a 2002, waɗanda suka kai ƙara mata biyu ne da suka riga suka shekara da shekaru suna renon yara biyu, amma doka ta san ɗaya kaɗai a matsayin uwa, har in ta mutu yaran su sāke zama marayu. Wanda ya ji wannan bai ji komai a zuciyarsa ba, ya binciki zuciyar.

Eklesiya ba ta ce waɗannan mutane ba su iya ƙauna ba, ba ta kuwa ce ba su iya tashi da dare su kai yaro asibiti ba. Koyarwarta ba a kan ma'aunin sakamakon jarrabawar yara take tsaye ba. Tana tsaye a kan abin da ta karɓa tun daga farkon Littafi Mai Tsarki, cewa Allah ya yi mutum namiji da ta mace, kuma bambancin nan wani abu ne da yaro yake bukata ya gani, ya taɓa, ya tashi a cikinsa. Wannan ba abin da za ta iya sayarwa ba ne domin ta riƙe lasisi. Sai dai ya wajaba mu ƙara da wani abu, kanmu a sunkuye. Boston ɗin nan ita ce inda a 2002 asirin firistoci masu lalata da yara ya tonu, da na shugabannin da suka rufe maganar, har Kadinal Bernard Law ya sauka a watan Disamba na shekarar. Da bishop-bishop suka tashi bayan shekara huɗu suna cewa amfanin yaro suke karewa, mutane da yawa ba su saurare su ba. Ba za mu ce ba su da dalili ba.

Akwai wata shari'a a cikin littafin Sarakuna na Fari, sura ta 3, wadda kowane ɗan katikisim ya sani. Mata biyu suka zo gaban Sarki Sulemanu da jariri ɗaya mai rai, kowace tana cewa nata ne. Sarki ya sa a kawo takobi a raba shi biyu. Ɗaya ta yarda, gama ita daidaito take so, kowa ya sami rabonsa. Ɗayar ta gwammace ta rasa shari'a yaron ya rayu, da haka aka gane uwa. Mun daɗe muna tunanin wannan labari a kan abin da ya faru a Boston, kuma ba mu ga ya ba kowa cikakkiyar nasara ba. Gwamnatin da ta ce ko dai ku bi dokar daidaito har ƙarshe ko ku rufe, alhali akwai waɗansu ofisoshi a buɗe ga kowa, ta yarda a sa takobi domin kada a ce ta sassauta. Mu ma a wajenmu akwai tambaya. Da muka rufe ofis muka tsira da lamirinmu, Katolika nawa ne, miji da mata, suka je suka ce a ba su yaron nan mai shekara goma sha biyu da ba wanda yake so? Da sun zo da yawa tun farko, da layin jiran bai kai inda ya kai ba.

Abin da ya faru a Ingila bai bambanta sosai ba. A 2007 Kadinal Cormac Murphy-O'Connor ya roƙi gwamnatin Tony Blair ta ware ƙungiyoyin Katolika daga sabuwar doka. Aka ƙi, aka ba su wa'adi zuwa ƙarshen 2008. Waɗansu suka daina aikin, waɗansu suka raba gari da dayosis ɗinsu domin su ci gaba. Ta birnin Leeds ta yi ta shari'a har 2012, ba ta yi nasara ba.

A Filadelfiya kuwa labari ya sha bamban. A 2018 hukumomin birnin suka daina tura wa ofishin Katolika yaran da suke bukatar riƙo, saboda ofishin ya ce ba zai tantance masu auren jinsi ɗaya ba, sai dai ya nuna musu wani ofishi daga cikin fiye da ashirin da suke birnin. Ofishin nan ba ya tantance namiji da mace ma da suke zaune tare ba aure, kuma har lokacin babu masu auren jinsi ɗaya da suka taɓa zuwa wurinsa aka kore su. Sunan da ya hau kan ƙarar shi ne na wata mace, Sharonell Fulton, wadda ta riƙi yara fiye da 40 a gidanta cikin shekara sama da 25. Ranar 17 ga Yuni 2021 alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka suka yanke baki ɗaya cewa birnin ya tauye 'yancin addini. Kada mu cika baki da hukuncin, gama a kan wata ƙaramar gaɓa ya tsaya: kwangilar birnin ta ba wani jami'i ikon yin rangwame in ya ga dama, don haka ba shi da hujjar hana Eklesiya. Abin da ya fi hukuncin daraja a wurinmu shi ne matar. Da aka tambayi Eklesiya a Filadelfiya ina shaidarta, tana da wadda za ta nuna, mace mai ɗaki a share da gado a shimfiɗe tana jiran yaro.

Wani zai ce, ina ruwanmu, mu da dokar ƙasarmu ta rufe wannan ƙofa? Gaskiya ne, a watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta haramta auren jinsi ɗaya, da hukuncin ɗaurin shekara 14. Kuma da Roma ta fitar da takardar Fiducia supplicans a Disamba 2023 game da sa albarka, bishop-bishop na Nijeriya, sa'an nan na Afirka ta bakin Kadinal Fridolin Ambongo a Janairu 2024, sun bayyana cewa ba za a sa wa irin wannan zama albarka a majami'unmu ba. Ba a gaban kotunanmu maganar take ba. Amma ruwanmu biyu ne.

Na fari, bakinmu. Katikisim ɗin da ya ce ɗa ba haƙƙin kowa ba ne, shi ne kuma ya ce, a sakin layi na 2358, a karɓi masu irin wannan sha'awa da girmamawa da tausayi, a guje wa duk wani bambanci na rashin adalci a kansu. Ba za mu ɗauki shafi ɗaya mu yage ɗayan ba. Marigayi Paparoma Francis ya faɗa a Janairu 2023 cewa kasancewa da wannan hali ba laifin da za a ɗaure mutum a kansa ba ne. Kada mu yi zaton duk waɗannan mutane a Boston suke. Wani yana cikin ƙungiyar mawaƙa, wata tana zaune a bencin baya, an yi musu baftisma da ruwan da aka yi mana, suna fama da abin da ba su iya faɗa wa ko uwarsu ba. Idan abin da suke ji daga bakinmu a harabar majami'a zagi ne da ba'a da barazanar duka, to mun rufe musu ƙofar ɗakin furta zunubi da hannunmu, kuma za a tambaye mu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mai dukan mutum a kan titi, ko mai tona asirin wani domin ya karɓi kuɗi a hannunsa, kada ya ce Eklesiya ce ta aike shi.

Na biyu ya fi kusa. Mukan ce ɗa na kowa ne, kuma mukan yi alfahari cewa a wurinmu maraya ba ya rasa gida. Laifi tudu ne. Bari mu sauko daga namu mu dube shi. A gidaje nawa ne ɗan riƙo yake tashi da asuba ya ɗebo ruwa ya share tsakar gida, 'ya'yan gida suna barci? Wa ake aika talla ranar da saura suka sa kayan makaranta? Wa yake cin ƙanzo? Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin za a sa ta makaranta, shekara nawa ke nan tana goyon ƙannen da ba nata ba, kuma da ta yi ciki a gidan, wa aka kora? Mun san gidajen da dangin miji suka kwashe gona da kwanon rufi tun ba a share makoki ba, suka bar gwauruwa da yara biyar. Tashe-tashen hankula na shekarun nan sun ƙara mana marayu a sansanoni da gidajen 'yan'uwa fiye da yadda iyayenmu suka taɓa gani. Waɗannan yara suna da uwa da uba na riƙo, mace da namiji, an ɗaura musu aure a coci, duk sharuɗɗan da muke kare wa a Amurka sun cika. Amma riƙon sakainar kashi ake yi musu.

Bulus Manzo ya koya wa Galatiyawa da Romawa cewa mu duka ba 'ya'yan haihuwa ba ne a gidan Allah. Ɗa ɗaya ne na haihuwa. Sauranmu ɗauko mu aka yi, aka mai da mu 'ya'ya, aka ba mu bakin kiran Allah Uba, aka kuma rubuta mu cikin magāda tare da Ɗan. Ba a ware mana kwano dabam ba. Musa a gidan 'yar Fir'auna ya tashi, Esta a hannun Mordekai, ɗan ɗan'uwan mahaifinta. Kirista da yake bambanta ɗan cikinsa da ɗan riƙonsa a wajen tuwo ya manta yadda shi kansa ya shigo gida.

Akwai kuma ma'aurata a cikinmu da Allah bai ba su haihuwa ba, waɗanda dangi suke matsa wa miji ya ƙaro mata, ana kai matar daga wannan mai magani zuwa wancan. Eklesiya ba ta ɗauki aurensu ragagge ba, kuma tun dā tana nuna musu hanyar ɗaukar yaran da aka yasar. Abin da yake hana su sau da yawa bakin mutane ne, kada a ce sun ɗauko ɗan tsintuwa wanda ba a san asalinsa ba. Wannan baki namu ne, mu za mu kame shi. Wanda ya yi niyya kuwa ya bi ta ofishin jin daɗin jama'a da kotu, kada ya bi ta hannun masu sayar da jarirai a ɓoye, gama yaron da aka saya da kuɗi an riga an mai da shi kaya.

Muna roƙon kowane katikis, tare da shugabannin Zumuntar Mata da na ƙungiyar Vincent de Paul inda take, su zauna kafin Laraba ta Toka su rubuta sunayen marayu da 'ya'yan riƙo da ke cikin majami'arsu, har da ƙananan majami'u na ƙauye: a hannun wa yaron yake, ko yana zuwa makaranta, ko an yi masa baftisma, da abin da mahaifinsa ya bari da wanda yake riƙe da shi. A kai wa Fada takardar a hannu, kada a karanta ta a gaban jama'a.